Shekarar da Muka Sauka Mashigi

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakinku ban tanka ba, don na ɗauka ta yara ce, za ta wuce. Amma bara wajen sunan 'yar Rabi na ji wata jikata tana gaya wa baƙi wai rigimar gado ce ta raba babanku da wansa Habu, aka kore mu daga Ɗan Gawo, muka zo nan muka kafa bukka don ba mu da wurin zuwa. Baƙin suna gyaɗa kai, ita kuma tana faɗi da ƙarfin zuciya kamar a gabanta aka yi. Waɗanda suka san yadda abin ya kasance duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Shi ya sa na ce bari in faɗa a rubuta tun ina da hankalina. Ba wanda ya kore mu. Ruwa ne ya kawo mu nan, kuma ni ce na matsa aka zo.

Ni 'yar bakin korama ce. Garin mahaifina yana gabas da nan, ta wajen Dungas, kuma a can ruwa ba abin magana ba ne. Ko da rani ya yi tsanani korama ta ƙafe, yarinya da ƙwarya za ta sauka cikin yashi, ta tona rami tsawon hannunta, ta ɗan jira, sai ruwa ya tsattsafo mai sanyi. Mahaifina yana da rake da rogo, da dabino a bakin gona, mu kuma muna wanka safe da yamma ba wanda ya ce mana kanzil. Ban san ruwa abu ne da ake tsimi ba sai da aka kai ni gidan babanku.

Ɗan Gawo gari ne a kan jigawa, arewa da korama. In ka tashi daga can da hantsi a amalanke, sai azahar ka iso nan. Ƙasa ce mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Gero yana yi, wake yana yi, iska tana da daɗi, sauro babu. Abin da babu shi ne ruwa kusa. Rijiya ɗaya ce a garin, mai zurfin da in ka leƙa sai ka hango ruwan can ƙasa kamar ƙwayar ido. Masu hali suna ɗaura igiya a wuyan bijimi ya ja musu, sauranmu kuwa mata biyu ko uku muke haɗuwa a kan guga ɗaya. Ban cika shekara a garin ba tafin hannuna ya yi kanta kamar na maƙeri.

Gidanmu gandu ne. Mahaifin babanku ya rasu tun kafin a kawo ni, don haka Yaya Habu ne babba. Shi ke raba aiki da safe, shi ke buɗe rumbu. Mutum ne mai murya, in yana faɗa a gona ana jinsa daga cikin gida, amma bai taɓa barin wani ya kwana da yunwa ba. Babanku kuwa kun san shi, ana iya yini da shi bai yi magana goma ba. Sai Inna, mahaifiyarsu, wadda take zama ƙofar ɗakinta da mazari tana kaɗi, idonta yana kan kowa. Ita ke lura da randa. Ruwan da aka wanke hatsi da shi na awaki ne, wanda aka wanke kwano da shi na kaji ne, wanda yara suka yi wanka da shi a cikin kasko a zuba gindin zogale. In ta ga na watsa ko da rabin moɗa a ƙasa sai ta ɗago kai.

"'Yar korama, nan ba gidan ubanki ba ne."

Ba da zafi take faɗi ba. Ta so ni, ni ma na so ta. Da na haifi babban yayanku ita ta yi mini wankan jego, kuma sai daga baya na gane ruwan nan da take tafasa mini safe da yamma, nata rabon ne da na matar Yaya Habu suke haɗawa. Haka muka zauna har na yi 'ya'ya uku, na saba, ko in ce na yi tsammanin na saba.

Sai ga shekarar da damina ta yi gajarta. Gero ya ɗan samu, amma tun kafin sanyi ya wuce rijiya ta fara ja da baya. Maza suka shiga suka yashe ta, ta ba da ruwa na 'yan kwanaki, ta sake komawa. Aka kai lokacin da guga ke fitowa rabi ruwa rabi laka, sai an ajiye ya kwanta kafin a sha. Mata muna yini a bakin rijiya, kowa da tulunta a layi, rana tana dukanmu. Matan da suka yi shekaru suna zumunci suka fara zagin juna a kan wa ya riga wa. Ina da ciki a lokacin, ya fito har ana gani. Inna ta ce in bar ja, amma in na bari wa zai ja? Matar Yaya Habu tana goyo, 'yan matan gidan ba su kai ba. Wata rana muna cikin ja na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna. A nan bakin rijiya na durƙusa, mata suka kewaye ni da zannuwa. Namiji ne. Ba a yi masa suna ba.

Da na ɗan samu ƙarfi, mahaifina ya aiko a kai ni gida jinya, na tafi da yaran. A can ne na ga abin da ya hana ni sakewa. 'Yar'uwarku Balki, wadda fatarta ta yi furu-furu, kanta duk ƙuraje, cikin 'yan makonni da wanka sai ta koma sumul. Yaran suna shiga gonar rake da safe, ba a ganinsu sai yunwa ta koro su. Na zauna ina kallonsu, ina tunanin zan mai da su in ci gaba da auna musu ruwa da moɗa.

Da za mu koma, ƙanina ya ɗauko mu a amalanke, ya biyo da mu ta nan, domin nan ne mashigin da kowa ke bi in zai ƙetare korama. Ranar ta dace da jajibirin wata babbar kasuwa ta hayin Nijeriya. Amalankenmu ya kafe cikin yashi, muka sauka muka zauna gindin tsamiyar nan da kuka sani, wadda yanzu mahauta suke ƙarƙashinta. A lokacin ba kowa a wurin, ba gida ko ɗaya, sai rugar Fulani can kan tudu. Amma mutane fa kamar ana biki. Masu jakai da buhunan wake, masu koro tumaki, masu amalanke suna jiran a taimaka a tura su. Kowa ya iso sai ya tsaya, ya tona yashi ya shayar da dabbarsa, ya huta kafin ya ci gaba. Na ga dattijo yana tauna busasshen rogo, ya tambaye ni ko ina da ɗan abin taɓawa na sayarwa. Na dubi wurin nan da kyau. Ga ruwa, ga fadama baƙa ƙirin ba wanda ya taɓa sa mata fartanya, ga mutane da yunwa suna wucewa kowane mako. Tun kafin a ciro amalanken na riga na san abin da nake so.

Ban gaya wa babanku nan da nan ba. Na bari sai wata rana da ya dawo daga gona ya ci abinci, yara sun fita, na zauna nesa da shi kaɗan na ba shi labarin wurin, abin da na gani da abin da na ƙiyasta. Yana saurare yana gyaran igiyar akuya. Daga nan sai na faɗi abin da ke raina.

"Malam, zan bi ka duk inda ka zauna. Amma ina tsoron in sake ɗaukar ciki a bakin rijiyar nan."

Ya ajiye igiyar ya dube ni, ya tashi ya fita. Kwanaki suka wuce bai tada maganar ba, ni ma ban sake ba. Sai wata safiya na ga ya ɗaura wa jaki akumari ya fita bai ce inda za shi ba. Da yamma ya dawo, ƙafafunsa da baƙar laka har ƙwauri. Ba a samun irin wannan laka a Ɗan Gawo. Da na gani na san inda ya je, na kuma san ya shiga fadamar da ƙafarsa ya gwada ta.

Ranar da ya gaya wa Yaya Habu, a ƙofar ɗakin Inna suka zauna, mu mata muna jin komai daga madafa. Yaya Habu ya yi faɗa sosai. Ya ce ubansu da kakansu sun ga shekarun da suka fi wannan muni ba su gudu ba. Ya ce gandu ba ya rabuwa uwa tana raye, bakuna sun yi yawa a kan gonar, in hannu ɗaya ya fita sauran ne za su ji a jikinsu. Ya ce wanda ya tafi ya tafi da fartanyarsa da jakinsa, gona kuwa tana nan ga masu noma ta. Wannan ita ce maganar da kuka ji gutsurenta kuka mai da ita rigimar gado. Ba ƙwace ya yi ba. Gaskiyarsa ya faɗa, kuma in da ni ce a matsayinsa da mutum goma sha a wuyana, wataƙila abin da zan faɗa ke nan. Babanku ya ce ya yarda. Abin da ya roƙa ɗaya ne, Inna ta biyo mu, ta huta da tsimin ruwa a ƙarshen kwanakinta. Inna ta amsa tana murza mazarinta.

"Ku tafi, Allah ya sa albarka. Ni ƙasar nan ta riƙe mini mutane da yawa. Ubanku yana nan, 'yan'uwanku da na binne suna nan. Ba zan bar su ba."

Ranar tafiya ta kira ni ɗaki, ta ba ni irin gero a ƙulle cikin tsumma da 'yar akuya guda. Ta ce in kula da yara da sauro, ta ji an ce na bakin ruwa ba ya da tausayi. Yaya Habu bai fito ba. Da babanku ya je yi masa sallama a gona, ya amsa bai ɗago daga sassabe ba.

Mun iso nan bazara tana shigowa. Babanku ya riga ya je wurin maigarin da ƙasar take hannunsa, ya ba mu izini. Amma wanda ya zaunar da mu da gaske shi ne Jauro Umaru, mai rugar kan tudu, wanda danginsa suka daɗe suna shayar da shanu a nan, suna kuma ɗan nomansu. Na so mu kafa gida daf da ruwa, a hayin arewa, don ya fi kusa da Ɗan Gawo. Jauro ya kai babanku ya nuna masa busasshiyar ciyawa da ta maƙale a rassan wata bishiya, sama da kan mutum, ya ce bara waccan nan ruwa ya kai. Hayin arewa duk kwari ne, in ji shi, tudun da ba ya nutsewa yana kudu. Shi ya sa garinku yake inda yake. Abin da ya nema a wurinmu shi ne kada mu taɓa noma hanyar da shanunsa ke bi zuwa ruwa. Babanku ya yi alkawari, suka dasa aduwa a gefe da gefe. Burtalin nan da ya ratsa tsakiyar gari, wanda kuke ƙorafin ya hana ku fili, asalinsa ke nan, kuma ina roƙonku ku bar shi yadda yake.

Ranar da babanku ya gina rijiyarmu ta farko ba zan manta da ita ba. Ya fara da safe, kafin rana ta karkata ya kira ni. Na zo na tarar da shi tsaye a ciki, ruwa ya kai masa idon sawu, kansa kuma yana waje ina ganin hularsa. Ya ɗebo da tafin hannu ya miƙo mini. Na sha, sai na kama dariya, dariyar ta koma kuka, yara suka tsaya suna kallona ba su san abin da ya same ni ba. Daga nan na ɗebi ƙwarya guda cike na watsa a ƙasa haka kawai, don in ga ko zan iya.

Ya kama fadama, ya dasa rogo da dankali, ya nemo irin rake daga wurin mahaifina. Kafin su nuna kuwa sai mu ci, don haka na kai duwatsun murhu gindin tsamiya. Duk jajibirin kasuwa da ranar dawowa ina can da tukunyar ɗan wake. Matar Jauro, Hatsu, ta ga haka ta fara kawo nono, ni ina dama fura, muka zama abokan sana'a, daga baya muka zama aminai har mutuwa ta raba. Ba a jima ba wani maƙeri mai suna Tanko, da ya saba wucewa, ya lura kusan kowane mako sai an samu amalanken da ƙarfensa ya karye a cikin yashin nan. Ya kafa rumfa kusa da tawa, ya ce na kwana biyu ne. Jikokinsa ne masu walda a bakin tasha yanzu. Kafin ruwan farko ya sauka mun zama gida huɗu, maza sun kewaye wani fili da zana suna salla.

Duk Juma'a babanku yana hawa jaki ya je gaida Inna, ya kai mata ɗanyen ganye, ko kifi in Tanko ya kama. Yakan dawo ya ce tana lafiya, tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. In na tambayi Yaya Habu sai ya ce sun gaisa. Daga yadda yake faɗi na san gaisuwar ba ta wuce ta baƙo da baƙo ba.

Damina ta zo da ƙarfi, kamar tana biyan abin da ta hana bara. Sauro ya zo kamar yadda Inna ta faɗa, yaran suka kwanta zazzaɓi bi da bi, na sha wahala da Balki har na fid da rai, Allah ya tashe ta. Lokacin da gero ya yi ciki aka yi ruwa na kwana da kwanaki, korama ta cika ta batse. Ni da na girma a bakinta ban taɓa ganin ta haka ba. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa da matattun dabbobi, ƙararsa ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi. Mashigi ya rufe. Juma'a ta zo babanku ya je bakin ruwa ya duba ya dawo. Wata Juma'ar ma haka.

Wata safiya da hantsi ina shanya tsaba, Tanko ya shigo da sauri ya ce akwai wani mai doki a hayin arewa yana ɗaga hannu, kamar sunan babanku yake kira. Muka fita gaba ɗaya. Tun daga nesa na gane tsayuwar. Yaya Habu ne, a kan dokin aro, rigarsa jiƙe sharkaf. Bai aiko yaro ba, bai aiko maƙwabci ba, da kansa ya zo. Ya sauka ya matso har ruwa ya kai masa gwiwa, ya sa hannu biyu a baki yana magana, iska tana kawo rabi tana tafiya da rabi. Babanku bai jira ya ji duka ba. Mutumin da ya yi wata da watanni bai ɗaga ido ya dube ka ba, in ka gan shi a bakin ruwa da sassafe, ka san abin da ya kawo shi. Inna ta rasu da asuba. An yi mata wanka, an ajiye ta, Yaya Habu ya ce a jira shi ya zo ya gani ko akwai hanyar da ƙaninsa zai ƙetare.

Babanku ya tuɓe riga ya nufi ruwa. Jauro da Tanko suka riƙe shi, yana fizgewa, ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba. Sai muryar nan ta Yaya Habu, wadda ake ji daga gona har cikin gida, ta ƙetaro ruwan sarai.

"Sule, kada ka shiga. Uwa zan binne yau, kada ka ƙara mini da ƙani."

Babanku ya tsaya. Yaya Habu ya sake ɗaga murya ya ce ba ta sha wahala ba, ta ambace shi, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta ce a gaya wa Dije, wato ni, ita ma haka. Suka tsaya suna kallon juna, ruwa yana gudu tsakaninsu. Daga nan Yaya Habu ya hau dokinsa ya juya, don rana tana yi, gawa kuma tana jira.

A nan bakin ruwa babanku ya yini, ya fuskanci arewa. Na kai masa fura bai sha ba. Da la'asar ta yi, lokacin da ya ƙiyasta ana sa ta a ƙasa, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, maza suka zo suka zauna bayansa suna amin. Ni kuwa ina daga nesa ina kallonsa. Ni na kawo shi hayin nan. Da muna Ɗan Gawo da shi zai riƙe kanta. Na jira ya faɗa mini haka, na shirya in karɓa. Da ya shigo gida bai faɗa ba, sai ni na ce masa in yana so mu koma, zan tattara kayana gobe in ruwa ya ba da hanya.

"Wadda za mu koma dominta ta tafi," ya ce. "Ki wanke wa yara kaya. In ruwa ya janye mu je gaisuwa."

Har ya bar duniya bai taɓa ɗora mini wannan ba, ko a cikin fushi. Amma kowace shekara, ranar da korama ta fara cika, sai ya rasa cin abinci, ya je ya zauna shi kaɗai a bakin ruwa. Kuna yara kuna cewa Baba yana son kallon ruwa. Ba kallo yake ba. Abin da zamanmu a nan ya ci masa ke nan, kuma ina so ku san an biya.

Da ruwa ya janye muka je. Yaya Habu ya tarye mu tun daga bakin gari, ya kama hannun ƙaninsa ya kai shi kabarin. Da suka dawo a kwano ɗaya suka ci tuwo. Da kaka ta yi, ba wanda ya roƙa, sai ga amalanke da dammunan gero daga gandu, wai rabon Sule. Mu kuma da rake ya nuna muka aika. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, gero yana gangarowa, rake da albasa suna hawa.

Sauran kun gani da idonku ko kun ji. Masu ginin tukwane suka zo don yumɓun bakin fadama. Mahauta suka zo don masu jira suna son nama. Wani malami ya sauka da ɗalibansa ya ce ba zai kafa makaranta inda alwala take wuya ba. Masu wucewa suka fara sauke kaya a nan maimakon su ƙarasa, har aka wayi gari muna da ranar kasuwarmu, ana kiran garin Mashigi. Aka yi lakwal, wato makarantar boko, aka yi ɗakin likita, gadar da kuke bi kuwa sai bayan babanku ya rasu aka gina ta. Wani jikana ya dawo daga lakwal ya ce mushensu, wato malaminsu, ya koya musu manyan biranen duniya galibi a bakin kogi aka kafa su. Na ce masa ban yi mamaki ba. Da na je Yamai na ga kogin nan da gari kwance a gefensa, abin da na gani shi ne Mashigi da ta girma. Mutum yana iya ɗaukar hatsin wata guda a kan jaki, amma ba ya iya ɗaukar ruwan kwana uku. Inda ruwa yake dole a tsaya, inda aka tsaya kuwa wani zai dafa, wani zai gyara, wani zai kira salla. Ba na jin waɗanda suka fara zama a waɗancan biranen sun san birni suke kafawa. Mu dai ba mu sani ba. Ɗan Gawo ma tana nan, an yi musu foraji, wato rijiyar burtsatse, matansu sun huta, kuma har gobe geronsu ya fi namu daɗin fura.

Yaya Habu bai taɓa ƙaura ba. Babanku ya sha yi masa tayin fili, yana cewa shi mutumin tudu ne, ƙafarsa ba ta son laka. Amma duk ranar kasuwa yana nan, ya zauna a zaurenmu, ya ci ɗan wakena ya ce gishiri ya yi yawa, ya cinye tas. Haka har gemunsu su biyu ya yi fari.

Wata shekara, ƙarshen bazara, ba ranar kasuwa ba, na ji tsayuwar amalanke a ƙofar gida. Na leƙa na ga babban ɗansa yana sauko da shi a hankali. Ya rame ƙwarai, muryar nan duk ta tafi. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce ashe Yaya yau an tuna da mu. Ya dube ni yana ɗan murmushi.

"Kada ki yi murna, Dije, ba ƙaura na yi ba. Na ga gabas ta fara duhu ne, jikin nan kuma ba na jin zai kai kaka. Na ce gara in ƙetaro tun da hanya."

A zauren nan ya yi daminarsa ta ƙarshe. Babanku ya bar fadama a hannun yara, ya zauna da shi, yana ba shi kunu da ludayi, suna hirar mutanen da ba wanda ya sani sai su. Ya cika a makon da korama ta cika, kansa a kan cinyar ƙaninsa. Babanku ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ni ban taɓa ganin wurin ba, mata ba ma zuwa, amma an gaya mini da lokacin babanku ya yi, kusa da shi aka sa shi, kamar yadda ya roƙa. In kun hau tudu ziyara, kabarin da ke arewa da na babanku na wansa ne. Ku riƙa haɗa su a addu'a.